'Yar Balki Ta Sauka a Rigachikun

Talata, 6 ga Satumba 1988, bayan azahar

Ado direba ne ya kawo mini labarin, shi ma ba labari ya zo bayarwa ba, man zafi ya zo saya na ciwon bayansa. Ina naɗe masa sai ya ce, af, jiya shi ya ɗauko 'yata daga jami'a, amma ta ce a sauke ta a Rigachikun gidan gwaggonta. Da akwati, da bokiti, da risho, har da katifa. Na ce masa ai na sani, ni na ce ta biya ta can. Ƙarya na yi masa, kuma ko ƙiftawa ban yi ba.

Shekara biyu tana zuwa hutu, ban taɓa ganin ta ɗauko katifa ba.

Ita ce 'yar farina. Ba na kiran sunanta, uwarta Asabe ma ba ta kira, haka muka tashi muka tarar a gidanmu can Katsina. 'Yar Balki muke ce mata, don yayata Balki, gwaggon nan tata ta Rigachikun, ita ce ta ɗauke ta tun yaye, ta riƙe ta har ta shiga sakandare, sannan ta dawo mana nan Doka. Ko bayan ta dawo, in ina da magana da ita sai in faɗa wa bango da ƙarfi yadda za ta ji, ko in jira Yaya ta zo. Ko a nan da ba mai karantawa sai ni, hannuna ba ya yarda ya rubuta sunan.

Laraba, 7 ga Satumba, da safe

Na ce wa Asabe ta shirya ta je ta ga abin da ake ciki. Ta ce ita ta je ta ce me, ai yarinya tana hannun uwar riƙonta. Na ce to shi ke nan. Ta ce to shi ke nan. Muka zauna kowa yana nuna abin bai dame shi ba, ita ta zuba gishiri a koko, ni kuma na shanye shi a haka.

Alhamis, 8 ga Satumba, bayan la'asar

Idris mai fenti ya leƙo shago yana dariya, wai yaushe za a rataya allonsa, ko sai gara ta gama da shi. Mutumin nan bai taɓa zuwa a lokacin da ya dace ba.

Tun bara na sa ya yi allon. Kore ne, da farin rubutu, sunanta a sama manya-manya, a ƙasa an rubuta babban ɗakin magani. Ranar da zai yi aikin ya tambaye ni sunan da za a sa, na yi ta kame-kame, daga ƙarshe na aika cikin gida aka rubuto masa a bayan kwali. Yana nan jingine a lungun shago, fuskarsa na kallon bango.

Tun kafin a haife ta nake tsaye a kemis ɗin nan da ƙaramin lasin. Maganin tari, na ciwon kai, na tsutsar ciki, iyakata ke nan. Ran da jami'an duba magunguna suka shigo, yaron da na haifi kamarsa zai ɗaga kwalba yana tambayata wa ya ba ni izini. Dokar ta ce sai wanda ya yi karatun haɗa magunguna a jami'a ne zai riƙe babban shago. To ni ban yi ba, amma Allah ya ba ni 'ya mai natsuwa. Ina laifi a nan?

Na ce wa Idris ya dawo wani satin.

Juma'a, 9 ga Satumba, bayan saukowa daga masallaci

Yaya Balki ta zo. Ko mayafi ba ta cire ba, ruwa ma sai da Asabe ta matsa mata ta kurɓa.

Ga abin da ke akwai. Akwai darasi guda na lissafin magani, yarinyar ta faɗi a ƙarshen shekara, aka ba ta damar maimaitawa a watan jiya, ta sake faɗuwa. Ƙa'idarsu in ka faɗi sau biyu ka bar sashen. Za ta iya neman wani fanni, amma wannan kam an rufe. Yaya ta ce tun da ta sauka ba ta cin abin kirki, ba ta kuka, sai ta zauna ta zuba wa kaji ido.

Na fara faɗa. Na ce malaman nan 'yan baƙin ciki ne, na ce wasa ta sa a gaba, na ce abubuwa da yawa. Yaya ta bari sai da na gaji don kaina.

“Bawa,” ta ce, “kai fa ka san yadda ta shiga.”

Na ce kowa da yadda ya shiga. Ta dube ni irin kallon da take yi mini tun ina yawo ba wando, ta ɗauki jakarta.

Asabar, 10 ga Satumba

Ruwa tun asuba. Ban buɗe shago ba.

Litinin, 12 ga Satumba, da hantsi

Duk mutanen da ke garin nan, sai Ladidi.

Ladidi 'yar Ado direba ce. Ajinsu ɗaya da 'yar Balki tun daga farkon sakandare, tare suka yi jarrabawar shiga jami'a, fanni ɗaya suka nema. Ranar da sakamako ya fito Ado ya bi layin nan shago-shago yana nuna takardarta, bakinsa har kunne. Makinta ya fi na kowa a unguwar, har da na gidana. Da aka fitar da sunayen waɗanda aka ɗauka, babu nata. Ado ya ce rabo ne, ya koma kan motarsa. Ita kuma bayan 'yan watanni ta auri wani malamin firamare a Kinkinau.

Yau ta shigo da ɗanta Muhammadu a goye, yana tari yana ƙoƙarin cafke kwalaben da ke gabansa. Ta durƙusa ta gaishe ni. Ta ce babanta ya ce ƙawarta ta zo hutu, don Allah in ce tana cigiyarta, ta yi shekara biyu ba ta taka gidansu ba, ko suna ba ta zo ba. Sannan ta ce, “Baba, Allah dai ya sa ta gama lafiya, mu ma mu samu tamu ta gida mai ba mu magani.”

Na ce amin. Na ba ta maganin tari, na nuna mata iyakar inda za ta zuba a cokali, na sake nuna mata, har ta yi dariya ta ce ta gane.

Ni ban ce a cire kowa ba. Wannan Allah ne shaidata. Ban ambaci sunan 'yar kowa ba.

Talata, 13 ga Satumba, bayan azahar

Ba kowa a shago, bari in faɗi abin da ke raina.

Shi makin nan da ake ta magana, wahayi ne? Jarrabawar yini ɗaya ce fa. Yaro ya tashi da ciwon kai, ko ya samu benci mai rawa, shi ke nan an yanke masa hukuncin rayuwa. Na san ɗan wani ma'aikacin jirgin ƙasa da ya shiga da maki kamar zai taɓa sama, shekara ɗaya aka koro shi, yanzu kaset yake sayarwa a bakin kasuwa. Na san wanda ya shiga da ƙyar, yau shi ke riƙe da ɗakin magani na asibiti guda. Abin da ya rage wa tawa ta kai bai taka kara ya karya ba. Haka Alhaji Sanda ya ce lokacin da na je masa neman alfarmar a ɗauke ta, ya ce maki ƙofa ce kawai, in an shiga ɗaki kowa ɗaya ne.

Na karanta abin da na rubuta. Duk gaskiya ne. To me ya sa tuwon rana yake nan a rufe ban taɓa ba?

Alhamis, 15 ga Satumba, da yamma

Na je wurin Alhaji Sanda a Unguwar Rimi. Mutumin garinmu ne, ya yi aikin gwamnati ya ajiye, amma har yau babu ofishin da zai shiga a bar shi tsaye. Falon yana nan yadda na san shi, har kujerar da na zauna wancan karon ita aka nuna mini. Na so in canza, na ga ba dalilin da zan bayar.

Da na gama bayani ya yi dariya har da buga ƙafa. Ya ce Malam Bawa, a kan wannan ka rame? Ya ce takardar jarrabawa mutum ne ya duba ta, mutum kuma yana iya sake dubawa, sau da yawa akan tarar an manta wani maki a wani lungu. Ya ce in ba shi kwana kaɗan, kafin a koma makaranta farkon wata mai zuwa.

Na yi godiya har ina sarƙewa. Na fito ina jin sanyi a raina, wallahi na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Ban kai bakin titi ba daɗin ya gudu ya bar ni da kunya.

Asabar, 17 ga Satumba, da safe

Na ba Ado saƙo ya ajiye a Rigachikun: madara, sukari, da kwalbar maganin ƙarin jini mai kyau. Ya karɓa da hannu biyu yana sa mini albarka, wai ni uba ne na gari. Na yi kamar ina neman wani abu a ƙarƙashin tebur.

Lahadi, 18 ga Satumba

Kwalbar ta dawo. Yaya ta ce a faɗa mini ba jini ne ya yi wa yarinyar ƙaranci ba.

Laraba, 21 ga Satumba, bayan la'asar

A masallacin layinmu Baban Likita suke kirana. Ni na jawo, ni na bari, ban taɓa gyara musu cewa ba likita take karanta ba. Yau har mutum uku suka tambaye ni yaushe Likita za ta koma. Na ce sai an buɗe.

Na tuna ranar da sunanta ya fito. Na sa aka yi waina aka raba gida-gida, har gidan Ado aka kai, kuma suka aiko da barka. Na hango ta ta taga tana wanke kwanuka, ko murmushi babu. Na ce a raina kunya ce, yarinya mai tarbiyya. Komai nata kunya nake fassara shi, don fassarar ba ta da wahala.

Ɗazu Asabe tana tsince shinkafa ta ce, ba tare da ta dube ni ba, wai yarinyar ta taɓa faɗa wa Yaya ita koyarwa take so. Na ce yaushe? Ta ce tun kafin jarrabawa. Na ce me ya sa ba a faɗa mini ba? Ta ce ka tambaya?

Na tashi na bar mata wurin, ina faɗan an bar buta a hanya.

Juma'a, 23 ga Satumba

Ban ce a cire kowa ba. Amma ban tambaya ba ko kujerar da aka ba ta da wani a kai.

Talata, 27 ga Satumba, da hantsi

Direban Alhaji Sanda ya tsaya a ƙofar shago, ko fitowa daga mota bai yi ba. Ya ce Alhaji ya ce an ga makin da ya ɓata, yarinya ta koma ranar Litinin ta ci gaba da 'yan ajinta.

Na shiga lungu na juyo da allon, na goge shi da tsumma. Fentin bai dushe ba ko kaɗan. Ina cikin kallonsa aka yi sallama, na yi maza na mayar da shi kamar wanda aka kama da kayan sata.

Alhamis, 29 ga Satumba, bayan magariba

Na dawo daga Rigachikun. Zan rubuta yadda aka yi, ba ƙari.

Na isa da hantsi na zauna a zaure kamar kullum. Yaya ta fito hannunta duk ƙasar gyaɗa. Na faɗa mata albishir, na ce ta shiga ta sanar da 'yarta ta haɗa kaya. Ta ce ba za ta kai ba. Na zaci ban ji daidai ba. Ta ce tun yarinyar tana cikin zani take ɗaukar maganata tana kai mata, tana ɗauko shirunta tana kawo mini, ƙafarta ta gaji. Ta ce kunyar 'yar fari gado ce, ita ma ta yi, amma ba a ce mutum ya ɓuya a bayanta ba. Ta leƙa ciki ta yi kira, ta shimfiɗa tabarma a ɗaya gefen, ta fice ta bar mu.

Yarinyar ta shigo, ta rame. Wuyanta na fara gani, sai na mai da idona kan bango. Ta durƙusa ta gaishe ni, na amsa wa bango. Na ce an gyara, a koma Litinin.

Ta ce, “To, Baba.”

Na fara laluben takalmina. Sai na ji ta ce, “Baba, in yi magana?”

Rabon da ta yi mini tambaya kai tsaye, ban san ko ta taɓa yi ba. Na ce ina ji.

Ta ce a jarrabawar farko an ba su yaro mai nauyi kaza, aka ce su fitar da yawan maganin farfaɗiya da za a ba shi. Ta yi lissafi, ta ajiye ɗigo a inda ba wurinsa ba, abin ya ninka goma. Malamin ya rubuta mata da jan biro a gefen takarda cewa ta kashe shi. Ta ce duk hutun nan ba ta karanta komai ba sai wannan darasi, har mafarkinsa take yi. Da aka zo maimaitawa aka canza magani aka canza nauyi, ta sake yi. Muryarta ba ta rawa.

“Sau biyu ina kashe yaron nan, Baba. Wallahi ba wasa na yi ba, na yi karatu. In na ga lambobin ne sai kaina ya ɗaure.”

Na ce wa bango ai a hankali ake koyo.

“In ka ce in koma zan koma. Za su ba ni takardar, ka rataya allon nan da ke lungu. Yanzu a takarda ne. Ran da Ladidi ta kawo ɗanta fa?”

Ashe ta ga allon. Ashe ta san komai. Ta ce tun ranar da sunanta ya fito na Ladidi bai fito ba, ba ta ƙara iya bin ƙofar gidansu ba, ta bayan layi take zagayawa. Ta ce kullum ta shiga aji sai ta ji kamar za a taɓa kafaɗarta a ce tashi, mai wurin ta zo.

Nan ne ya kamata uba ya ce wani abu. Ni da nake cika shago da surutu tun safe har dare, na ce Allah ya kyauta. Na sa takalmi na fito. Sai da na shiga mota na ji iska a kaina, na bar hulata a kan tabarma.

Duk hanya hannun yaron nan nake gani yana miƙa wa kwalabe.

Juma'a, 30 ga Satumba, da yamma

Na koma Unguwar Rimi. Wannan karon ban zauna ba. Na ce Alhaji ya yi haƙuri, a mayar da makin inda aka samo shi, yarinya ba za ta koma ba. Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce na sa ya zubar da girmansa a gaban yaran da ya haifi kamarsu, ya ce irinmu ne ke sa a daina taimakon na gida. Na ce duk abin da ya faɗa haka ne. Bai ce in gaida gida ba.

Litinin, 3 ga Oktoba

Yau aka koma makaranta. Ado ya wuce da mota cike da sababbin ɗalibai da katifu, ya danna mini oda, na ɗaga masa hannu. Har yanzu ban iya kallon idonsa ba, kuma ban san ranar da zan iya ba.

Laraba, 5 ga Oktoba, bayan la'asar

Idris ya zo da safe ya ɗauki allonsa. Ya tambaya me za a rubuta a madadi, na ce ya shafe kawai, katako ne mai kyau, ba zai rasa amfani ba. Ya buɗe baki zai yi barkwancinsa, ya dubi fuskata, ya saɓa allon ya tafi.

Da azahar Yaya ta kawo ta, da akwatin da katifar, da hulata a cikin leda. Yaya ta ce akwai kwalejin horon malamai da ke karɓar takardu wata mai zuwa, da makin yarinyar na gaskiya za ta nema, in an ba ta to, in ba a ba ta ba a sake zama. Ta faɗi haka tana kallona, tana jiran in musa. Ban musa ba. Amma na lura har yanzu Yaya ce ke magana, ni ina amsa wa Yaya, ita tana tsakar gida ta ba mu baya tana kwance igiyar katifa.

Na tashi na tsaya a bakin ƙofa. Asabe tana gindin murhu. 

Na ce, “Hafsatu.”

Asabe ta saki ludayi. Yaya ta sunkuyar da kai. Ita kuwa ta ci gaba da kwance igiyarta, ko motsi ba ta yi ba. Na ɗauka fushi ne, na ce a raina ta isa ta yi. Sai da na sake kira, ta ɗago tana waige-waige, ta dubi ƙofar gida, ta dubi katangar maƙwabta, tana neman baƙon da ya shigo.

Ba ta san sunanta da muryata ba.